Mutuwar jarumi ba tuba ba ce: kurakuran masu rubuta soyayya a fim ɗin almarar kimiyya

Labaran fim da ƙanne ke turo mini in duba sun fara canja kama. A da soyayyar ɗan mai kuɗi da 'yar talaka ce, yanzu kuwa kumbo ne ya lula sararin samaniya da masoya biyu, ko mutum-mutumi ya kamu da son wadda ta ƙera shi, ko wani inji da ke goge masoyi daga ƙwaƙwalwa. Ina murna da hakan ƙwarai. Abin da ya gajiyar da ni shi ne kuskuren da na gyara wa wannan jiya, shi zan tarar a rubutun wancan yau, kuma kusan kowa a wuri ɗaya yake karyewa: inda jarumi ya yi laifi, ake so a wanke shi kafin a rufe labari da kuka.

Ga yadda kuke yi. Jarumi ya cuci masoyiyarsa cuta mai girma, ya yi gwaji a kanta ba da saninta ba, ko ya raba ta da danginta har abada. Saura minti 10 fim ya ƙare sai injin kumbo ya kama da wuta, ya ture kowa ya shiga, ya ceci jama'a, ya mutu. Ta rushe da kuka, kiɗa ya tashi, marubuci ya ajiye biro wai ya gama. Ba ka gama ba. Ceton mutum dubu jarumta ce, amma ba ta biyan hakkin mace ɗaya da aka zalunta. Mai kallonmu ya san wannan tun yana Islamiyya: tuba sai da nadama, da barin laifin, da ƙudurin ba za a koma ba, in kuma hakkin wani ne a mayar masa ko a nemi yafiyarsa. Ya ji hadisin da ke cikin Sahihu Muslim cewa shahidi ana gafarta masa komai ban da bashi. To yaya kake zaton zai yarda da jaruminka don kawai ya ƙone a ɗakin inji?

Ba ku kaɗai ke faɗawa ba, har manyan Amurka sun faɗa. A fim ɗin Passengers na 2016, kumbon Avalon na ɗauke da fasinja 5,000 cikin dogon barci, tafiyar shekara 120. Akwatin barcin wani fasinja mai suna Jim ya samu matsala, ya farka saura shekara 90 a isa. Bayan ya yi fiye da shekara shi kaɗai, sai ya tashi wata fasinja mai suna Aurora da gangan, ya bar ta tana zaton hatsari ne. Ya ƙwace mata rayuwar da ta biya kuɗi ta tafi nema ke nan. Da gaskiya ta fito, ba a jima ba kumbo ya fara lalacewa, Jim ya fita ya sayar da ransa, ta farfaɗo da shi, fushi ya wuce. Masu sharhi da yawa sun yi ca a kan fim ɗin saboda wannan, kuma ina tare da su. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne maganin yana cikin fim ɗin: daga baya Jim ya gano injin jinya na kumbon zai iya mayar da mutum ɗaya barci, ya ce ta shiga, shi ya koma kaɗaicin da ya gudu daga gare shi. Nan ne mayar da hakki yake, nan ya kamata a zauna a daɗe. Sai aka wuce shi a gurguje, aka ba wuta da tartsatsi duk lokacin.

Wannan kuskuren ya taɓa raba ni da aiki, shi ya sa nake ɗaga murya. Na rubuta labarin wani likita da ya kwafi tunanin matarsa marar lafiya ya zuba a na'ura alhali ta hana shi, a ƙarshe ya mutu wurin kare na'urar. Ranar da aka zauna karatun labarin, wata dattijuwa da aka ba fitowar uwar matar ta cire tabarau ta kife takardun a cinyarta, ta ce, “Ɗan nan, to ya mutu, sai me? A ina ya dube ta ya ce na cuce ki?” Na juya shafuka ina nema, babu. Furodusa bai ce komai ba a wurin, amma aikin bai sake dawowa hannuna ba. Kuma ku da nake faɗa muku wannan, sai ku ce ai mai kallo zai gane ya yi nadama daga idanunsa. Ba zai gane ba! Abin da ba ka rubuta ba, ɗan wasa ba zai haifo maka shi da ido ba. Ku daina tsoron fitowar ban haƙuri don tana da wuyar rubutawa.

Ni dai tun daga nan, fitowar ban haƙurin nake fara rubutawa, da biro a takarda, kafin in san sunan kumbon ma. Dole jarumi ya ambaci laifin da sunansa, kuma na haramta masa kalmar “amma” a wannan fitowa. Dole abin da zai mayar ya ci masa irin abin da ya ci mata: in shekaru ya ƙwace, shekaru zai biya. Sannan ina rubuta amsarta iri biyu, wadda ta yafe da wadda ta ƙi, in ba wata mace ta karanta ba tare da na faɗa mata wadda nake so ba. Wasu abokan aikina na ganin wahalar banza ce. Ni ita ta fisshe ni.

Kuskure na biyu shi ne mayar da kimiyya kwalliya, kamar labule da aka rataya a bangon da ba taga. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: cire kumbon, ka mayar da masoyan cikin gari. In labarin bai rushe ba, ba almarar kimiyya ka rubuta ba. Dole kimiyyar ce za ta jawo rabuwar. A Interstellar na 2014, awa 1 a wata duniya da ke kusa da baƙin rami, wato wuri a sararin samaniya mai tsananin ƙarfin jan abu har yana rage gudun lokaci, daidai take da shekara 7 a tamu. Jinkirin 'yan sa'o'i a can ya ci shekara 23, jarumin fim ɗin Cooper ya dawo ya zauna yana kallon saƙonnin 'ya'yansa sun girma ba shi. Babu mugu a wurin, babu makirci, lokaci ne kawai ya bi ƙa'idarsa, kuma masanin kimiyya Kip Thorne ne ya tsaya a kan lissafin. Soyayyar uba da 'ya ce, amma darasin ya shafi masoya kai tsaye.

Fim ɗin da ya kauce wa kurakuran nan duka biyun, kuma nake tura kowane ɗalibi ya nema, shi ne Solaris na Andrei Tarkovsky, wanda ya fito a Tarayyar Sobiyet a 1972, daga littafin Stanisław Lem na 1961. An tura Kris Kelvin tashar da ke shawagi a kan wata duniya mai teku, tekun kuma yana zaro abin da ke cin ran mutum ya mayar da shi jiki da jini. Sai ga Hari, matarsa da ta kashe kanta shekaru 10 baya, zaune a ɗakinsa. Abin da ya fara yi shi ne ya yaudare ta ta shiga roka ya harba ta. Ta sake bayyana. Daga nan ba shi da wutar da zai faɗa ya huta, sai zama da ita, yana ganinta tana fasa ƙofar ƙarfe da hannu don ya fita ya bar ta, yana ganinta ta sha iskar oksijin mai ruwa ta mutu ta farfaɗo. Ku kuma lura da wanda ya yanke hukuncin ƙarshe. Hari ce, da ta gane ita ba ainihin matar ba ce, ta nemi masanan tashar su kawar da ita. Matan da ke cikin labaranku kuwa ba su da aiki sai kyau da kuka da mutuwa, don jarumi ya samu abin da zai sa ya shiryu. Ku ba ta abin da take so wanda ba shi ba ne, ku bar ta ta zaɓa.

Sauran ƙanana ne amma suna zubar da mutuncin rubutu. Masoyi a duniyar Mars ba ya hirar waya nan take da wadda ke Duniya, saƙo kan ɗauki minti 3 zuwa 22 kafin ya isa, kuma wannan jiran kansa fitowa ce mai taɓa zuciya da kuke zubarwa. Ƙara ba ta tafiya inda babu iska, don haka kada ta ji ihunsa daga wajen kumbo sai ta rediyo. Kada farfesa ya tsaya gaban allo yana lacca minti 5, nuna ƙa'idar tana aiki a kan wani. In mutum-mutumi zai yi hawaye, a sanar da mu tun farko me ya sa aka ƙera shi da su.

Sai injin tashin matattu da ke ɓullowa a shafin ƙarshe don marubuci ya ji tausayin jaruminsa. In akwai irin wannan inji a duniyar labarinka, nuna shi a kashi na farko, ka faɗi abin da yake ci da wanda ba ya yi wa aiki. In ba ka shirya masa wuri tun can ba, goge shi, ka bar wanda ya mutu a mace.