Kurakuran da ke kashe furen wardi a bazarar Garwa

Da watan Maris ya raba tsakiya nake fara samun baƙi masu ƙorafi. Wannan ta zo da busasshen ganye ƙulle a bakin zane, wancan ya turo hoto ta WhatsApp, tambayar kuma guda ce: me ya sami wardina? Shekara goma sha ɗaya ke nan ina renon wardi a tsakar gidana a nan Garwa, arewacin Kamaru, kuma bakina ya gaji da maimaita amsa ɗaya.

Babban abin da ke kashe mana wardi shi ne bin kalandar Turawa. Mutum zai buɗe intanet ya ga an ce a Maris ake datse rassa a zuba taki, sai ya ɗauki almakashi. Ba ƙarya suka yi ba, amma ƙasarsu suke nufi. A Faransa, Maris lokaci ne da itace ke farfaɗowa daga sanyi, ƙasa a jiƙe, rana ba ƙarfi. Mu kuwa rabonmu da ruwan sama tun Oktoba, hunturu ya gama tsotse ƙasa, zafi a Maris da Afrilu yana haura digiri 40. Wardi a wannan lokacin neman kai yake yi. Ganyen da kake gani ya yamutse shi ne laimarsa, da shi yake kare reshe daga rana.

Ni ma na ɗanɗana. A shekarata ta uku na sayo gindi tara daga Ngaundere, na rungumo su a mota kamar jarirai, suka kama, suka yi fure har maƙwabta na leƙe ta katanga. Da Maris ya zo na aske su, ban bar wa kowanne fiye da kamu ɗaya ba. Ban tsaya nan ba, na ɗebo takin zamani na yuriya daga ragowar buhun da na saya don masara na zuba wa kowane gindi cikin tafin hannu, a kan busasshiyar ƙasa, na ɗan yayyafa ruwa. Kwana biyar sai ga toho ja-ja-jir, na shiga murna. Kafin mako biyu tohon ya ƙone kamar an gifta masa wuta, bakin kowane reshe ya yi baƙi, baƙin yana gangarowa ƙasa kullum. Bakwai suka tafi. Na kira wani tsoho mai aikin lambu a bakin Binuwai, ya tona gindi ɗaya da yatsa, ya ɗago saiwar ta koma ruwan ƙasa, ya kalle ni ya ce, "Ɗana, wanda zazzaɓi ya kwantar ake ɗura wa tuwo? Ai wannan gyaran gangar Auzinawa ka yi." Na ce, "Baba, a waya na gani." Bai ko amsa mini ba.

Abin da ya faru ba wani asiri ba ne. Kashi 46 cikin ɗari na yuriya naitirojin ne, sinadarin da ke sa shuka fitar da ganye. Idan ta narke da yawa a ƙasar da ba danshi, sai ta yi aikin gishiri, ta janye ruwa daga saiwa. Ɗan abin da saiwar ta samu kuma ya tilasta wa itacen fitar da toho mai laushi a daidai lokacin da rana ke gasa dutse.

Tun daga nan, daga Maris har ruwa ya zauna ba na barin ƙwayar takin zamani ta kusanci wardina. Ruwa, inuwa da rufin gindi, shi ke nan. Babban aski a Nuwamba nake yin sa, idan dare ya fara sanyi, kuma bayan mako shida zuwa takwas fure ke sauka, manya, masu ƙamshi, har cikin Fabrairu. Farkon damina ina cire matattun rassa ne kawai. Na san masu yin babban askinsu a Yuni, ban hana su ba, amma furen damina a wurina bai taɓa kai na ɗari kyau ba. Takin zamani na NPK kuwa, mai lamba 20-10-10 ko 15-15-15 a jikin buhu, idan lokacin ciyarwa ya yi, cokalin cin abinci ɗaya nake ba babban gindi a wata, in zagaya shi nesa da kara da kamu guda, in ba da ruwa kafin da kuma bayan. Mutanen Ngaundere, ku da ke kan tudu sama da mita 1,000 kuma ruwa ke riga sauka muku, kuna iya fara ciyarwa kafin mu.

Sai masu cewa su ba ruwansu da takin zamani, na gargajiya suke sa wa, suna faɗa suna ƙafafa. To wane irin na gargajiya? Ka share akurkin kaji da safe, kafin azahar ka jibge kashin a gindin fure, kana jiran a yaba maka? Ɗanyen kashin kaji ma mugu ne, zafinsa kaɗai ya isa ya dafa saiwa. Ɗanyen na shanu kuma gayyatar gara da gwazarma ne. Haƙa rami a bayan gida, zuba kashin da busasshen ganye, jiƙa shi, juya shi duk mako biyu. Bayan wata uku ko huɗu, idan ya yi baƙi, ya daina zafi a hannu, ƙamshinsa ya koma na ƙasar ruwan fari, sannan ya zama taki. Wanda ba zai iya wannan haƙurin ba gara ya shuka furen kariya, ita ba ta neman komai a wurin kowa.

Toka ma ana wuce gona da iri da ita. Wardi na son ƙasa mai ɗan tsami kaɗan, toka kuwa kashe tsamin take yi, daga nan saiwa ta kasa ɗaukar sinadarin ƙarfe. Alamar ita ce sabon ganye ya yi rawaya jijiyoyinsa na nan kore. Mai shi sai ya ce yunwa ce, ya ƙara taki.

Ban ruwa na ɗan yayyafi safe da yamma yana hana saiwa nitsewa. Ni bokiti guda nake juye wa kowane gindi da asuba, a hankali, har ya shige. A bazara ina kuma wanke bayan ganye da ruwa, don a nan wasu ƙananan ƙwari masu saƙa kamar gizo-gizo ke ɓuya, su bar ganye da ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa masa ƙura. Da damina akasin haka ne, jiƙa ganye na jawo baƙin tabo. Ruwan sabulun wanki kada ya je wurin ko kusa.

Baƙar tukunyar roba ko gwangwani a jikin bangon da ranar yamma ke duka, wannan murhu ka ɗora. Nemi tukunyar ƙasa, ka ajiye inda zai sha hantsi ya samu inuwa daga azahar. 'Yan Marwa da Kusuri masu baƙar ƙasar masakwa, ku haɗa da yashi ku tada kunya, don da damina ruwa kwanciya yake yi a gindi ya ruɓar da shi. Idan wardinka mai aure ne, wato an haɗa reshen wani iri a kan gindin wani, duk tohon da ya fito daga ƙasan mahaɗin ka fizge shi tun yana ƙarami, in ba haka ba zai cinye na saman. Furen da ya gama yayi a yanke shi a kan ganye mai 'ya'ya biyar.

Rufin gindi da ɓawon gyaɗa nake yi, kaurin yatsa uku, in bar fili tsakaninsa da kara, ina ɗaga shi duk Juma'a in duba gara. Guda biyun da suka tsira daga yuriya suna nan ƙarƙashin dogon yaro ta gabas. Ɗaya akuyar maƙwabta ta yi masa aski bara a Afrilu, sai a Agusta ya dawo hayyacinsa.