Yadda ake auna shawarar hukumar ƙungiyar ƙwallon kwando idan kaka ta lalace

Da zarar kaka ta ƙare ba daɗi, hirar majalisa a Jidda da Madina ɗaya ce: a kori koci, a sallami baƙon ɗan wasan da aka ɗauko da tsada. Ko Uhud ta Madina kake goya wa baya, ko Ittihad ta Jidda, ko kuwa kana cikin masu hana ido barci don kallon gasar NBA ta Amurka kafin asuba, ajiye sakamako tukuna, ka fara da mintuna.

A dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, wadda ake bi a gasar Saudiyya, wasa minti 40 ne, mutum biyar a fili. Ke nan minti 200 koci yake rabawa kowane wasa. A NBA kuwa 240. Rubuta waɗanda aka ɗauko don su ci mintunan nan, a gefe kuma waɗanda suka ci su a zahiri. Ƙungiyar Philadelphia ta NBA ta ci wasa 24 kacal cikin 82 a kakar 2024-25, amma tauraronta Joel Embiid wasa 19 ya buga. Ba za a ce haɗin bai yi ba, tunda ba a ma gan shi sosai ba. Abin tuhuma shi ne: hukuma ta san gwiwarsa ta daɗe tana ba shi wahala, to wa ta tanada a benci?

Sai lissafin hari. Yawan maki a wasa yana yaudara, domin ƙungiya mai gudu takan tara maki ko da hannunta ba ya ci. Ƙirga hare-hare haka: jimillar jifa, a cire ƙwallayen da ƙungiyar ta sake cafewa bayan jifanta ya kuskure, a ƙara waɗanda ta zubar, a ƙara jifan kyauta sau 0.44. Misali jifa 65, cafewa 10, zubarwa 14, jifan kyauta 20, ya ba ka hari kusan 78. In maki 80 aka ci, ke nan kusan 103 a kowane hari 100. Yi wa abokan hamayya irin wannan lissafi, ka kwatanta da sauran ƙungiyoyin gasar. A nan za ka gane ko gaba ce ta mutu ko baya ce take yoyo. Sau da yawa ana kukan rashin mai jefawa alhali tsaron gida ne babu.

Baƙon da yake cin maki 25 da jifa 24 bai yi abin yabo ba, ƙwallon abokansa ya cinye. Duba kuma daga ina ya zo. Layin maki uku a FIBA mita 6.75 ne, na NBA 7.24 ta gaba, kuma a FIBA keta biyar ke fitar da mutum, ba shida ba. Dogon da ya saba yawan keta zai ƙare rabin wasa a zaune.

Dacewa ta fi suna. Phoenix ta tara Kevin Durant da Devin Booker da Bradley Beal, albashi ya kai maƙura, ta ƙare kakar 2024-25 da nasara 36 da rashin nasara 46. Duk ukun ƙwallo suke so a hannu, ƙwallon kuwa ɗaya ce. Kwantiragin Beal ma ya ba shi ikon ƙin a sauya masa ƙungiya, sai gyara ya yi wuya.

Kowace shawara a auna ta da abin da aka sani ranar da aka yanke ta. A Fabrairun 2025 Dallas ta ba Lakers Luka Doncic mai shekara 25, ta karɓi Anthony Davis mai 31 wanda ya sha fama da rauni. Daga baya ƙuri'ar zaɓen sabbin 'yan wasa ta faɗo wa Dallas, da damar kashi 1.8 cikin ɗari, ta ɗauki matashi Cooper Flagg a zaɓin farko. Wannan rabo ne, ba ya shiga lissafin cinikin.

Kafin ka ce a sallami wani, jera shekarun kowa, da albashinsa, da shekarun da suka rage a kwantiraginsa. Mai shekara 33 da saura shekara uku shi ne abin damuwa, ba yaro ɗan 22 da hannunsa ya yi sanyi wata biyu ba.