Yadda Za Ka Gane Wace Devi Ce a Hoton Bautar 'Yan Hindu

Ranar farko da na tsaya gaban wani mai sayar da hotuna a tsohon birnin Delhi, duk matan da ke jikin takardun nan iri ɗaya na gan su: fuska zagayayya, manyan idanu, kambin zinariya. Mai kantin ya ce min in daina kallon fuska. Da gaskiyarsa, domin fuskar ba ta faɗar suna. Mabiya addinin Hindu suna kiran kowace abar bautarsu mace Devi, kuma alamomin da ke kewaye da ita ne ke bambanta ta da sauran.

Fara duba dabbar da ke kusa da ita. In ka ga zaki ko damisa mai ratsi, yawanci Durga ce. In ka ga farar tsuntsuwar ruwa mai dogon wuya, ko ɗawisu a gefe, Saraswati ce. Giwaye biyu suna kwarara ruwa ta sama kuwa, Lakshmi ke nan. A hotunan yankin Bengal ma za ka tarar da mujiya kusa da ƙafarta.

Daga nan sai hannuwa, inda na fi daɗewa. Yawan hannu alama ce ta yawan iko, kuma kowane hannu da abin da yake faɗa. Lakshmi tana da huɗu: biyu riƙe da furen bado, ɗaya yana zubo tsabar zinariya, saboda ita suke roƙo arziki, musamman lokacin bikin Diwali. Shi ya sa hotonta ba ya rabuwa da saman akwatin kuɗin 'yan kasuwa a Indiya. Saraswati tana rungume da vina, wani abin kiɗa mai tsirkiya da dogon wuya, da littafi a hannu ɗaya, carbi a ɗayan. Ilimi da kiɗa ne fagenta, har ɗalibai kan ajiye littattafansu gabanta ranar bikinta, Vasant Panchami. Durga kuwa hannu takwas ko goma, kusan duk makamai: mashi mai baki uku na Shiva, faifai mai kaifi na Vishnu (su biyun manyan ababen bautarsu ne maza), takobi, baka. A labarinsu, sauran ababen bautar ne suka tara mata makaman don ta kashe Mahishasura, aljanin da ke rikiɗa ɓauna, wanda za ka gani kwance a ƙasan hoton. Kada ka tsallake hannun da ba komai a ciki. Tafin da aka ɗaga yana fuskantarka yana nufin "kada ka ji tsoro", wanda aka sunkuyar ƙasa kuma kyauta yake miƙawa.

Launi ba ya buƙatar dogon bayani. Saraswati fari take sawa, Lakshmi da Durga sun fi fitowa da ja.

Kali ce baƙo ya fi yi wa gurguwar fahimta, ni ma sai da gabana ya faɗi. Baƙa ce ko shuɗiya, harshe waje, sarƙar kawuna a wuya, ƙafarta a kan ƙirjin mijinta Shiva. To amma ka dubi hannuwanta na dama: ɗaya yana kore tsoro, ɗaya yana bayarwa. Kawunan nan, hamsin ko hamsin da ɗaya, ana danganta su da haruffan Sanskrit, tsohon harshen littattafan addininsu. Mutanen Bengal da yawa kuma suna fassara harshen da kunya, wai ta farga mijinta ta taka. Uwa suke kiranta, kuma har zuciyarsu suke nufi.

Idan hoton ya yi kama da zanen Turawa, da inuwa da naɗin sari, wato zanin matan Indiya, kamar na gaske, to sawun Raja Ravi Varma kake gani. Mutumin Kerala ne, an haife shi a 1848, ya rasu a 1906. A 1894 ya buɗe maɗaba'a a Bombay (Mumbai ta yanzu), ya riƙa buga zanensa da araha, har talaka ya iya rataya Lakshmi a ɗakinsa. Masu buga kalanda, irin na garin Sivakasi a Tamil Nadu, sun ɗora a kai, suka ƙara wa launukan ƙarfi.

Sannan ka lura da idanu. Kusan kullum kai tsaye suke kallonka, da gangan. Mai bauta yana son ya gan ta, ita ma ta gan shi, abin da suke kira darshan. Saboda haka in wani ɗan Hindu ya miƙo maka irin wannan hoto ka duba, karɓa da hannun dama, kada ka ajiye shi a ƙasa ko kusa da takalmi. Su kansu in hoton ya tsufa ya koɗe, da yawa ba sa jefa shi a shara. Gindin bishiya suke kai shi, ko su sake shi a kogi.