Yadda Ake Riƙon Magen da Aka Tsinto a Titi, Kowace da Halinta

A Kano ba kasafai mutum ke fita neman mage ba, ita ce ke samun sa. Ko dai yara su shigo da 'yar jaririya a kwali su ce a bakin kwata suka tsince ta, ko wata ramammiya ta fara kwana a soro har uwargida ta ji tausayi ta miƙa mata kan kifi. Matsalar takan taso daga baya, domin mai gida ya riga ya ƙudurta irin magen da yake so: mai kama ɓera da dare, mai kwanciya a cinya da rana. Ita kuwa ta zo da halinta, wanda rayuwar lungu ta riga ta gina. Aikinka shi ne ka gane wannan hali ka tsara gidan a kansa.

Kafin ka ɗauka

Idan jarirai ne, kada ka yi gaggawa. Uwar takan tafi neman abinci ta bar su na wasu sa'o'i, kuma tana yawan sauya musu wuri ɗaya bayan ɗaya. Ka ja baya ka sa ido daga nesa. Idanun 'yan kyanwa na buɗewa ne tsakanin kwana 7 zuwa 10, kuma har su kai mako 4 nonon uwa kaɗai suke sha. In ka tabbata uwar ta mutu ko ta ɓace, fara da ɗumi, musamman a hunturu, domin jaririn da jikinsa ya yi sanyi ba ya iya narkar da abinci. Tsohon zani a kwali da gorar ruwan ɗumi a naɗe cikin tsumma sun isa. Madarar shanu da ta gwangwani na sa su zawo, sai a nemi madarar da aka yi domin su a shagon magungunan dabbobi. Bayan kowace shayarwa a shafa musu ƙasan wutsiya da tsumma mai ɗumi, don ba sa iya fitsari da kashi da kansu, uwar ce ke lasar su.

Babbar mage kuwa ba a cafkar ta da hannu. A sa abinci cikin kwando mai murfi ko kwali mai ƙwari da aka huda, ta shiga da kanta a rufe. Ɗaure ta a buhu mugunta ce, ga zafin Kano kuma. In ta cije ka ko ta yakushe ka har jini ya fito, wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ka je asibiti a ranar. Ciwon haukan kare ba karnuka kaɗai yake kamawa ba, kuma da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya a tsira.

Likita tukuna, sannan tsakar gida

Kai ta asibitin dabbobi, kamar na Gwale ko na Kundila, ko wani likita mai zaman kansa. A adaidaita sahu ka riƙe murfin kwandon da hannunka, ƙarar hon kaɗai na iya sa ta ɓalle a tsakiyar titi. A ba ta maganin tsutsar ciki, a duba ƙuma da ƙazuwa da makero, wanda ke saurin kama yara. Allurar rigakafin haukan kare daga wata 3 ake fara ta.

Abubuwa uku ne ke kashe maguna a hannun masu son su. Farasitamol guba ne gare su, ko ƙwaya ɗaya. Fiya-fiya da ake yayyafawa don kashe ƙuma ma guba ce. Sai maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin famitirin, da wani zai ce ai dabba dabba ce. Ka kuma kwashe shinkafar ɓera daga lungunan gida, domin magen da ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma tana cikin haɗari.

Ɗaki ɗaya ya ishe ta da farko

Kada ka sake ta a gidan gaba ɗaya. Ware mata sito ko wani ɗaki marar hayaniya, ka ajiye ruwa, abinci, kwalin ɓuya, da baho mai faɗi cike da yashin gini. Ba sai an koya mata amfani da yashi ba, ɗabi'arta ce ta tona ta binne. Bahon dai ya yi nesa da kwanon abinci, a kuma kwashe kashin kullum. Mai juna biyu ta bar wa wani wannan aiki, saboda wata ƙwayar cuta da ke cikin kashin mage na iya cutar da ɗan tayi.

Mage nama take ci, jikinta ba ya rayuwa a kan tuwo da miya. Dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya, dafaffen ƙwai, tarkacen nama daga wurin mahauta ko kawunan kifi daga kasuwar Galadima duk suna da araha. A dafa ba gishiri, ba albasa, ba tafarnuwa, domin albasa da tafarnuwa na lalata musu jini. Idan sabuwar mage ta wuce kwana biyu ba ta ci komai ba, a koma wurin likita.

Karanta halinta

Nan ne aikin yake. Masana sun nuna cewa tsakanin mako 2 zuwa 7 na haihuwa ne 'yar kyanwa ke sabawa da mutane. Wadda hannu ya taɓa a wannan lokaci takan yarda da ɗan Adam har tsufanta. Wadda ta tashi a kango tana gudun jifan yara kuwa za ta daɗe tana ɗari-ɗari. Wani bincike da aka wallafa a 2017 kan maguna fiye da 2,800 a Ostareliya da Niyu Zilan ya kasa halinsu gida biyar: tsoro, kazar-kazar, son mulki, garaje, da sauƙin kai. Duk wanda ya riƙe mage fiye da ɗaya ya ga waɗannan da idonsa.

Matsoraciya ita ce mafi wahala, ita kuma aka fi zalunta. Za ta shige ƙarƙashin gado ta ƙi fitowa sai an kashe fitila, yara su yi ta zungurar ta da tsintsiya wai ta fito a gan ta. Hana su. Shiga ɗakin ka zauna a ƙasa da wayarka ko carbinka, kada ka kalle ta ido cikin ido, domin a wurin mage zura ido barazana ce. In kun haɗa ido, lumshe naka a hankali ka kau da kai. Masu bincike a Jami'ar Sussex ta Ingila sun gwada wannan a 2020, suka ga maguna sun fi matsowa kusa da wanda ya yi musu haka. Akwai wata toka-toka a gidanmu da muka ɗauko daga bayan wani gareji. Har yau ba ta yarda a ɗaga ta, amma da asuba in ina alwala takan zo ta zauna a kan turmi, taku biyu daga inda nake, ta naɗe wutsiya a ƙafafunta tana kallon ruwan buta. Iyakar abin da za ta iya bayarwa ke nan, na kuma karɓa.

Kishiyarta ita ce mai naci. Tana bin ƙafa zuwa kicin, ta hau sallaya, ta kwanta a kan kayan guga, tana wannan gur-gur ɗin a maƙogwaro. Wanda ke ƙyamar ta taɓa ruwan alwalarsa ya tuna hadisin Abu Ƙatada da ke cikin Muwaɗɗa, inda aka bayyana cewa mage ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. Abin lura da mai naci shi ne kada kuka ya zama hanyar samun abinci. Ka tsayar mata da lokaci, safe da yamma, in ba haka ba za ta riƙa tashin gida tun kafin kiran assalatu.

Akwai kuma wadda za ta kwanta ta baje ciki, ka kai hannu ta damƙe ka da farata huɗu. Ba banza aka ce mage mai kwanciyar ɗaukar rai ba. Amma tana ba da sanarwa, mu ne ba ma kula. Wutsiya ta fara bugun ƙasa, kunnuwa su kwanta baya, fatar baya ta motsa: janye hannunka. Shafa a kumatu da ƙasan haɓa ya fi mata daɗi, ciki kuwa a bar mata kayanta. Dukanta ba ya koya mata komai sai gudunka.

Mai kazar-kazar, yawanci matashin muzuru, wasa yake buƙata. Ɗaura gashin kaza a igiya ka ja masa na ɗan lokaci kafin abincin dare. Ka kuma jingina masa guntun katako da aka naɗe da igiya ko tsohuwar tabarma, domin kartar abu dole ne gare shi, in bai samu nasa ba kujerun falo ne za su biya.

Batun baƙar mage da ake alaƙantawa da aljanu, har a kore ta da jifa, ni dai na riƙe baƙa, ban ga abin da ta fi saura ba sai wuyar gani a duhu.

Idan da wata a gida

Kada ka haɗa su rana ɗaya. Bar sabuwar a ɗakinta kamar mako biyu, wannan ma kariya ce daga cuta. Goga tsumma a kumatun ɗaya ka ajiye wa ɗayar ta sansana, sannan ka riƙa ba su abinci a gefe biyu na rufaffiyar ƙofa. Daga nan a buɗe ƙofar kaɗan. Huci da gurnani ba komai ba ne, kokawa da jini ne ke nuna an yi sauri, sai a koma baya. Kowace ta samu kwanonta da bahon yashinta, a ƙara ɗaya a kai. Mai son mulki takan tare hanyar yashi ko ta zauna a bakin kwano ba don yunwa ba, shi ya sa ake raba kayan a wurare daban-daban. Wasu za su zama aminai har su riƙa lasar juna, wasu kuma iyakarsu kowa ya kama kusurwarsa. Wannan ma zaman lafiya ne.

Maƙwabta da haihuwa

A unguwar da samari ke kiwon tattabaru, matan gida kuma ke da 'yan tsaki, magen da ke haura katanga rigima ce. Ciyar da ita ba zai hana ta farauta ba, ƙoshi daban, sha'awar kamu daban. Rufe ta a ɗaki daga magariba zuwa safiya, lokacin da ta fi farauta, ka rufe rijiya, a hunturu kuma ka bubbuga murfin injin mota kafin ka tayar, don suna shiga neman ɗumi. In za ku yi tafiyar sallah, bar ta a hannun wanda zai ba ta abinci da ruwa. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta tsare ba ci ba sha yana cikin Buhari da Muslim.

Mage na iya ɗaukar ciki tun tana wata 4 zuwa 6, cikin nata kwana 63 zuwa 65 yake yi, kuma tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Yi magana da likita kan yi wa muzuru fiɗiya da yi wa macen aikin hana haihuwa. Muzurun da aka yi wa fiɗiya yakan rage yawo, faɗa da fesa fitsari a bango. Wanda bai natsu da hakan ba ya tambayi malaminsa, ya kuma tanadi gidajen da za su karɓi 'ya'yan tun kafin a haife su, kada a raba su da uwar sai sun cika mako 8.