Yadda Ake Gyara Tsohon Injin Wanki Idan Kwanon Matsewa Ya Daina Juyawa

Injin wanki mai kwano biyu, irin su Thermocool da LG da Scanfrost da suka cika gidajenmu, yawanci ɓangaren matsewarsa ne ke fara mutuwa. Sai ka ga yana wanki lafiya lau, amma da an zuba kaya a ƙaramin kwano an murɗa taima, shiru, ko kuma ya yi ta gurnani ba ya motsi. Abin da sababbin masu gyara ke yi a nan shi ne su ce moto ya ƙone, su ciro shi su kai wa mai naɗin koyil, wato wayar da aka nannaɗa a cikin moto. Sau da yawa moton lafiyarsa ƙalau. An kashe kuɗi, an dawo an ɗaura, injin yana nan yadda yake. Moto shi ne abu na ƙarshe da za ka tuhuma.

Tanadi sukundireba mai baki huɗu, filaya, sifana lamba 10, tocila, samfefa, da mita mai auna kafasita, wato ɗan gwangwanin da ke taimaka wa moto ya tashi. Zare filogi daga soket kafin ka kwance murfin baya.

Kada ka ɓata lokaci neman bel. Ɓangaren wanki ne ke da bel. Na matsewa moton yana zaune daidai ƙarƙashin kwanon a kan ƙafafu uku masu sifirin, sandarsa haɗe da sandar kwanon da wani ƙarfe mai kusoshi biyu.

Fara da abin da ba ya cin ko sisi. Auna wutar soket. Idan mita ta nuna 160 ko 170 maimakon 220, ƙaramin moton nan ba zai iya tayar da kwano cike da jiƙaƙƙen kaya ba, alhali na wanki yana iya lallaɓawa. Gwada shi da janareta ko sitabilaiza tukuna. Sannan duba tiyon fitar da ruwa. Yawancin injinan nan ba su da famfo, ruwa da kansa yake gangarowa, don haka in an rataye tiyon ko ya toshe da zare, ruwa zai taru a ƙarƙashin kwanon ya riƙe shi. Daga nan haska tocila tsakanin kwanon da bangonsa. Safa, hankici, wandon jariri, duk suna tsallakewa su faɗa can su nannaɗe sanda, musamman a gidan da aka yar da faifan robar da ake danne kaya da shi. Lanƙwasa waya ka zaƙulo su.

Idan duk wannan lafiya, mayar da filogi, rufe murfin kwanon matsewa, murɗa taima, ka kasa kunne. Sautin da ka ji shi zai nuna maka inda za ka nufa.

In shiru ne ƙwal, yawanci wuta ce ba ta kaiwa moto. Wurare uku ne: makunnin murfi, taima, ko waya. Makunnin murfin wasu siraran tagulla biyu ne a ƙarƙashin allon maɓallai, kusa da inda murfin ke lanƙwasawa, in an rufe sai su haɗu. Tururin ruwan omo yana sa su yi kore, ko su saki su daina taɓa juna. Zare wuta, goge bakinsu da samfefa, ɗan lanƙwasa ɗaya da filaya, ka auna da mita ka ga suna haɗuwa in an rufe. Taimar ta minti 5 ce, wayoyi biyu gare ta. Jin tana ƙas-ƙas ba shaida ba ce, agogon cikinta na iya tafiya alhali bakin wutar ya ƙone. Murɗa ta ka auna tsakanin wayoyin biyu. In babu haɗi, sayi sabuwa, ba ta da tsadar da za a tsaya gyaranta. Sai ka bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya da hannu, domin ɓera yana son gindin injin wanki, kuma mahaɗar da aka naɗe da salatef takan yi tsatsa ta ciki.

Wasu in makunnin ya dame su sai su haɗe wayoyin biyu su huta. Kada ka yi wa kowa haka. Kwanon nan yana juyi kusan 1,300 a minti ɗaya, kuma a tsakar gida ake wanki, inda yara ke kai da komo. Hannun yaro in ya shiga, karaya ce.

In kuwa gurnani yake ba ya juyawa, kashe shi nan take. Duk daƙiƙar da ya yi yana wannan kuka koyil ne ke dahuwa. Abu biyu ke kawo haka, birki ko kafasita, kuma birkin za ka fara dubawa.

Nan ne masu koyo suka fi faɗuwa. Mutum zai buɗe murfi, ya sa hannu ya juya kwano, ya ji shi da tauri, ya yanke hukunci cewa moto ya cije. To ai in murfi a buɗe yake dole ya yi tauri, birki ne ya kama, aikinsa ke nan. Akwai wata waya ko siririyar igiyar roba da ta taso daga maƙalar murfi ta sauko har kan moto. In ka rufe murfi sai ta ja wani ɗan hannu, takalmin birki ya saki faifan da ke kan sanda. In ka buɗe sai ta saki, sifirin ya mayar da takalmin ya damƙe. Zare wuta, tsuguna ta baya da tocila, ka sa wani ya riƙa buɗe murfin yana rufewa. Idanunka a kan takalmin. Da murfi a rufe ya kamata ka ga ɗan sarari tsakaninsa da faifan, kamar kaurin kwali, kuma in ka juya sandar da yatsu biyu ta tafi sumul. In takalmin bai ɗaga ba, ko wayar ta tsinke, ko ta miƙe ta yi sako-sako, ko ƙugiyar robar da ke sama ta karye. Ja ɗan hannun da kanka ka sake juya sandar. Ta juya? To ka gano ciwon, moto ba shi da laifi.

Yawancin wayoyin suna da 'yan ramuka ko gaɓoɓi na ƙara tauri, sai ka matsar da ƙugiya gaba da rami ɗaya ka gwada. Ɗaya ɗaya ake yi. In ka ja da yawa birkin zai daina kamawa gaba ɗaya, ka buɗe murfi kwano ya ci gaba da gudu. Ma'aunin da za ka riƙe shi ne kwano ya tsaya cikin daƙiƙa 10 da buɗe murfi. Idan ta tsinke kuma ba ka samu irinta ba, wayar birkin keke tana yi, har ta fi ta asali ƙarko in ka shafa mata giris. Hannun birkin ma yakan yi tsatsa ya ƙi motsi. Ɗiga masa man keken ɗinki a maƙalarsa kawai, kada mai ya taɓa takalmin.

Birki lafiya, sanda na juyawa sumul, amma har yanzu gurnani, ko kuma yana tashi in babu kaya ya kasa in an zuba? Kafasita ce. Wani farin gwangwani ne ko baƙi maƙale a jikin injin, sau da yawa mai waya huɗu, domin guda biyu ne a jiki ɗaya: babba ta wanki, ƙarama ta matsewa. Za ka ga an rubuta kamar 10µF da 5µF, 450V. Tana riƙe wuta ko bayan an zare filogi, saboda haka haɗa bakin kowace waya biyu da sukundireba mai hannun roba kafin ka taɓa. Cire ta daga layi ka auna. Wadda aka rubuta 5 ta nuna 3 ta gaji, ko da jikinta bai kumbura ba. Ɗauki hoton wayoyin da wayarka kafin ka yanke komai, launukan sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

Sayi daidai lambar da ke jiki. Masu shago za su ce maka mai 8 ko 10 ta fi ƙarfi. Gaskiya ne zai tashi da zafinsa, amma koyil zai riƙa ɗaukar zafi har ya ƙone. In ɓangaren wanki na tsohuwar yana da rai, ba sai ka sayi mai waya huɗu ba, saya ƙarama ita kaɗai ka rufe wayoyin da ka bari da kyau. A ƙauyen da babu shagon kayan injin wanki, kafasitar fankar sama guda biyu masu 2.5, in ka haɗa su kai da kai gindi da gindi, sun zama 5. Ka dai tabbatar ƙarfin wutar da aka rubuta a jikinsu bai gaza 400V ba.

Sai yanzu za a zo kan moto. Waya uku gare shi. Sa mita a ma'aunin ohm ka auna su biyu-biyu, za ka samu lamba uku, kuma ƙananan biyun in ka tara su dole su ba ka babbar. In wani layin bai nuna komai ba, koyil ya yanke, ko ɗan fis ɗin zafi da ake ɓoyewa cikin naɗin ya tsinke, wanda mai naɗi zai iya canzawa ba tare da sabon naɗi ba. Sa baki ɗaya na mita a waya, ɗaya a jikin ƙarfen moton. In ta nuna haɗi, wannan moton shi ke sa injin yana jan mutane, kada a ƙara kunna shi. Hanci ma yana aiki a nan, warin ƙonannen koyil ba ya ɓuya.

Kafin ka ɗaura sabo ko wanda aka naɗa, tambayi kanka me ya kashe na farkon. Dubi samansa. In ka ga tsatsa da farin sawun omo ya bushe a kai, ruwa ne ke ɗiga masa daga sil, wato baƙar robar nan mai kama da zugazugi da sandar kwano ke ratsawa. Zuba bokitin ruwa a kwanon matsewa, ka haska ta ƙasa, za ka ga ɗigon yana bin sanda. Duk wanda ya canza moto ya bar tsohon sil, ba da jimawa ba za a sake kiransa, kuma wannan karon laifinsa ne. Kuɗin sil bai kai komai ba kusa da na moto.

Canza shi sai an ciro kwano. Yi alama da maka a jikin sanda daidai inda ta shiga ƙarfen haɗi, sassauta noti da kusar sama da sifana 10, kwance firam ɗin saman kwanon, ka ja shi sama. A tsohon inji ba zai fito da daɗi ba. Fesa WD-40, man feshin nan mai sassauta tsatsa, ko ka zuba kananzir, ka bar shi ya kwana in ta kama, sannan ka riƙa murɗawa hagu da dama kana ja. Guduma a kan kwanon roba fasa shi za ta yi. Goge sandar da samfefa mai laushi har ta yi santsi, domin sanda mai tsatsa cinye sabon sil take yi. Tafi kasuwa da tsohon sil da tsohon moto a hannu, ko Sabon Gari ce a Kano ko wata. Sandar moto akwai mai milimita 10 akwai mai 12, tsayin ƙafafu ma ya bambanta. Ka kuma tambaya ko naɗin na tagulla ne ko na alminiyom, na tagulla ya fi jure wutarmu.

Shafa giris a cikin sil, zaunar da shi ya shiga ko'ina daidai, mayar da kwano har alamar da ka yi, ɗaure kusa a gefen sandar da aka fafe, sannan noti. Girgiza moton ka ga ƙafafun nan uku, in ɗaya ta karye canza duka ukun, in ba haka ba kwano zai karkace yana dukan bango. Maƙala wayar birki, ɗaure wayoyin wuta sama nesa da inda ruwa ke bi. Gwada shi babu kaya, sannan da jiƙaƙƙen tawul biyu da ka danna ƙasa sosai ka rufe da faifan roba. Sake zuba bokitin ruwa ka haska ƙasa kafin ka mayar da murfin baya.