Yadda ake gyara tsohuwar Mustang mai rufin tanti ta iya da titin Yamai

Toyota da Peugeot ne abincina a garaji, amma motar da ta fi shiga raina ita ce wata Ford Mustang ƙirar 1966 mai buɗaɗɗen rufi, wadda wani Alhaji ya sauke ta tashar Lome. Ranar da aka jawo ta, ko zama bai yi ba ya ce, "Malam, inji nake so mai ruri." Na ce, "Ranka ya daɗe, inji shi ne na ƙarshe." Duk mai son sabunta irin wannan mota, ga yadda nake bi.

Fara da karanta lambar sasi. A Mustang na 1965 da 1966, lambar farko shekara ce, harafi na biyu masana'anta, sai 08 da ke nufin an haife ta da rufin tanti, ba yanke mata kai aka yi daga baya ba. Harafi na biyar shi ne inji: T mai silinda shida, C da A injin V8 na 289 (lambar girman inji ce a inci-kubik), K kuma shi ne mai ƙarfin doki 271. Idan ka ga K na gaskiya, don Allah kada ka taɓa ta da injin yanka, a yadda take ta fi daraja. Tamu C ce, shi ya sa hankalina ya kwanta.

Sai jiki, kuma nan ne aikin yake. Mustang ba ta da sasi daban irin na Land Cruiser, jikin ne ke ɗauke da kansa. A mota mai rufin ƙarfe, rufin yana ɗaure gaba da baya. Wannan kuwa duk nauyin yana kan daɓe da ƙarafan ƙarƙashin ƙofofi. Ɗaga kusurwa ɗaya da jak, ka buɗe ƙofa ka rufe. In ta cije, jikin yana murɗawa. Sannan ka zuba bokitin ruwa a ragar da ke gaban gilashin gaba, ka leƙa wajen ƙafar direba. Tamu sai da ruwa ya jiƙa mini hannun riga, da na ɗaga kafet kuma na tura sukudireba ya wuce daɓen kamar a gurasa. Tsatsar dusar ƙanƙara da gishirin titunan Amurka ce ta biyo ta. A yanke duk ruɓaɓɓen wuri, a sa sabon ƙarfe, a yi waldar dogayen ƙarafa biyu da za su haɗa ƙarafan ƙarƙashin jiki na gaba da na baya. Kafin mai walda ya fara yanka, ya tokare bakin ƙofofin da ƙarfe, in ba haka ba motar za ta lanƙwashe a tsakiya, ƙofa ba za ta sake zama daidai ba.

Birki ba ya jiran shawara. Yawancinsu da tambur huɗu suka fito, kuma har 1966 layin man birki ɗaya ne: tiyo guda ya fashe, ƙafarka ta tafi ƙasa. Daga 1967 aka koma layi biyu. Sa famfon birki mai layi biyu, diski a gaba aƙalla, da sababbin bututu gaba ɗaya. A garin da ɗan kabu-kabu ke faɗo maka ba sallama a gindin gadar Kennedy, wannan ya fi mini ƙarin doki 100.

Wani abu da mutane ba su sani ba: saman tankin mai shi ne daɓen but. Shimfiɗa farantin ƙarfe a kai, ka kuma toshe bayan kujerar baya.

Yanzu zafi. Radiyatar asali ba ta san watan Afrilu na Yamai ba, lokacin da ma'auni ke haura 42. Sa ta alminiyam mai faɗi, da fankar lantarki mai murfi, da altanato babba da zai ɗauke su. Kada ka cire tamostat kamar yadda aka saba a garejojinmu, kuma kada ka cika ta da ruwan famfo zalla. Wayoyin da suka shekara kusan 60 a canza su duka.

To, inji. Kowa Coyote yake ambato, V8 mai lita 5 da Ford ta fara sa wa Mustang a 2011 da doki 412. Inji ne na kirki, amma faɗi gare shi. Sai an yanke ƙarafan nan biyu da ke riƙe da kan amotisa, an sake ƙafafun gaba dungurungum. Ga shi in kwamfutarsa ta yi gardama a hanyar Tawa, wa zai duba maka? Ni injin Ford V8 na 302 na zaɓa. Girman jikinsa daga waje ɗaya ne da na 289, yana zama a mazauninsa ba yanka, kuma da kawunan alminiyam da na'urar feshin mai irin Holley Sniper a madadin karbureta, zai ba ka doki 300 da ɗoriya. Ga mota marar nauyi irin wannan ya isa har ya yi yawa. Haɗa shi da giya biyar ta Tremec, don ta biyar tana saukar da juyin inji a doguwar hanya, mai ya yi auki. Matatar iska ta takarda ka sa, ka riƙa duba ta duk mako a lokacin hunturu, ƙurar nan tana cin inji a ɓoye.

Hotunan intanet za su ruɗe ka da mota mai jan ciki a ƙasa da ƙafa inci 18. Bar su da ita. Da ramuka, da tudun rage gudu, da ruwan da ke kwanciya a unguwanni da damina, inci 15 ko 16 da taya mai kauri ne namu, tsayin motar kuma a bar shi yadda yake. Ka nemi sifanu na inci tun da wuri, 1/2 da 9/16 musamman, don na milimita suna cinye kan noti. Tantin rufi kuwa rana ce maƙiyiyarsa: a ajiye motar a inuwa, kada a naɗe shi da danshi.

Da muka gama, ban miƙa makulli ba sai da na fita da ita hanyar Doso da tsakar rana, idona a kan allurar zafi, na taka birki da ƙarfi sau da yawa a wurin da ba kowa. Da na dawo na bi notuna ɗaya bayan ɗaya na sake ɗaurewa, na shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana. Da safe kwalin a bushe yake, sannan na kira Alhaji.