Yadda ake shirya fim ɗin ƙauye don bikin baje kolin fina-finai na duniya

Masu zaɓen fina-finai a manyan bukukuwa suna kallon ayyuka bila adadin cikin 'yan watanni, kuma ba tsadar kyamara ke jan hankalinsu ba. Matashin da ya ɗauki masunta a fadamar Haɗeja inda ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ko dillalan shanu a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ko mata masu turara shinkafa a Kura, yana riƙe da labarin da babu mai shi sai shi. Abin takaicin shi ne irin waɗannan ayyuka sukan faɗi a kan abubuwan da ba su kai sun kawo ba: sauti marar kyau, gurguwar fassara, rashin takardar izini, da gaggawar ɗorawa a intanet.

Fara da sauti, domin nan ne aka fi samun asara. Mai kallo zai haƙura da hoton da ya ɗan yi duhu, amma ba zai zauna minti uku yana fama da muryar da iska ta cinye ba. Kada ka dogara da makirufon jikin waya ko na kyamara. Nemi ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga, ka sa shi kamar taƙi ɗaya ƙasa da bakin mai magana, ka tabbatar wuyan babbar riga ko mayafi ba ya gogar sa. Da hunturu sai ka sa masa rigar nan mai gashi-gashi da ke tare iska. Soso kaɗai ba ya iya wa iskar Janairu a fili. Ɗauki sautin a tsarin WAV, 48 kHz, ƙarfinsa a ma'aunin na'urar ɗaukar sauti yana kai-komo wajen -12 dB. Idan ya taɓa sifiri muryar ta fashe, kuma da wuya edita ya iya gyara ta. Sa abin sauraro a kunne tun daga farko har ƙarshe. Kunnen ɗan gari ya saba da ƙarar injin niƙa da janareton mai cajin waya har ba ya jin su, amma makirufo yana kwashe su duka. Je ka roƙi mai injin ya dakata na rabin awa, ko ka sauya lokaci. Ka kuma tsara hirarka tsakanin lokutan salla, kada kiran salla ya faɗo a tsakiyar zancen dattijo ka rasa yadda za ka yanka.

Idan sauti da hoto a na'urori daban ake ɗauka, wani ya tsaya gaban kyamara ya tafa hannu sau ɗaya kafin kowace ɗauka. Da wannan tafin edita zai daidaita baki da murya. In an gama hira, kowa ya yi tsit na minti ɗaya a ɗauki sautin wurin kawai: kukan kaji daga nesa, motsin ganyen darbejiya. Da shi ake cike gurbin da aka yanke, don kada sauti ya riƙa ɗaukewa yana dawowa.

Hoto bai da wahala sosai. Saita na'urarka a 1920 x 1080, hoto 25 a sakan ɗaya, wayar a kwance. Wannan ya dace da wutarmu mai 50 Hz, yana rage walwalin ƙwan lantarki. Wayoyi da yawa suna sauya wannan adadi da kansu, shi ya sa baki kan rabu da murya bayan minti goma. Manhajar HandBrake, wadda kyauta ce, tana mayar da shi tsayayye kafin a fara editin. Yi ɗauka daga fitowar rana zuwa hantsi, ko bayan la'asar. Kullum da dare a kwafe aikin ranar a ma'ajiya biyu, a ajiye su gida daban-daban.

Izini kuwa daga fada yake farawa. Gaida dagaci ko mai unguwa, ka faɗi gaskiyar inda fim ɗin zai je: "Ranka ya daɗe, za a nuna shi a ƙasashen waje, baƙi za su ga fuskokin mutanenka." Kada ka ɓoye wannan don a saurin amince maka. Duk wanda ya yi magana a fim ɗin ya sa hannu ko ya dangwala a takardar yarda da aka rubuta da Hausa, boko ko ajami, a karanta masa ita. Wanda bai son takarda, ya faɗi yardarsa da bakinsa a gaban kyamara. Yara sai da amincewar iyayensu. Shiga cikin gida kuma aikin mace ne, bayan yardar matar da ta maigidan. Saboda haka ayarin da babu mace a cikinsa ya rasa rabin labarin garin. A Kano, tuntuɓi Hukumar Tace Fina-finai ta jiha, wadda aka kafa a 2001, ka ji ƙa'idojinta kafin ka kafa kyamara. Waƙa ma tana da mai ita. Waƙar Indiya da ke tashi a rediyon mai shayi a bayan hirarka tana iya hana a nuna fim ɗin, don haka a kashe rediyon. Makaɗin garinku ya fi maka sauƙi: ka biya shi, ku yi rubutacciyar yarjejeniya.

Sai fassarar ƙasan allo, wadda da ita kaɗai alƙalin bikin da ba ya jin Hausa zai san abin da Baba masunci ke cewa. Kada ta wuce layi biyu, kowane layi kada ya haura haruffa 42, kuma ta tsaya a allo daga sakan ɗaya zuwa shida ko bakwai. Doguwar gaisuwarmu a taƙaita ta, a bar kunne ya ji sauran. Karin magana a ba da ma'anarsa. Wanda ya iya Ingilishi sosai ya duba, sannan wani daban ya kalli fim ɗin ba murya ya faɗa maka abin da ya fahimta. Ajiye fassarar a fayil ɗin SRT, wato fayil na rubutun fassara kaɗai tare da lokutan fitowarsa, ka kuma riƙe kwafin fim ɗin da ba a manna masa rubutu ba, domin wani bikin zai so sa harshensa.

Yanzu zaɓen inda za a tura. FESPACO a Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, wanda aka fara a 1969, duk bayan shekara biyu ake yin sa, kuma ƙasa ce da ake amfani da Faransanci, sai ka tanadi fassarar Faransanci. IDFA a Amstadam ta ƙasar Holan, cikin Nuwamba, na fina-finan gaskiya ne zalla, kuma yana da asusun IDFA Bertha mai tallafa wa masu shirya irin su daga Afirka da wasu yankuna. Akwai na birnin Durban a Afirka ta Kudu, akwai AFRIFF da iREP a Legas, da Zuma na Hukumar Fina-finai ta Najeriya a Abuja, da KILAF a nan Kano mai ba fina-finan harsunan Afirka muhimmanci. Na birnin Balin a Jamus a Fabrairu yake, na birnin Kan (Cannes) a Faransa kuma a Mayu, inda gasar gajerun fina-finai ba ta karɓar abin da ya wuce minti 15. A ganinmu, aikin farko ya tsaya tsakanin minti 10 da 15. Ya fi sauƙin samun gurbi a jadawali.

Tsarin turawa yana da muhimmanci ƙwarai. Manyan bukukuwa da dama suna son su ne za su fara nuna fim a duniya, ko aƙalla a yankinsu. Wanda ya ɗora aikinsa a YouTube ko Facebook don abokai su yaba ya rufe wa kansa waɗannan ƙofofi. Fara da bikin da ya fi tsananin sharaɗi, ka jira amsa, sannan ka gangaro. Yawancinsu ta shafin FilmFreeway ko nasu shafin suke karɓa, watanni kafin ranar bikin, kuma kuɗin shiga yakan ƙaru yayin da wa'adi ke matsowa. Ba kowane katin naira ke biyan dala ba, ka gwada tun da wuri. Idan kuɗin ya fi ƙarfinka, rubuta musu gajeriyar wasiƙa ka nemi a yafe maka. Wasu suna yi. Ka yi hattara da masu raba lambar yabo kowane wata ba tare da zauren nuni ko ranar taro ba, kuɗinka kawai suke so.

Kwafin da alƙalai za su duba a yi shi a tsarin bidiyo na H.264, mai rage nauyin fayil; fim mai minti 15 a 10 Mbps ya ɗan haura gigabait ɗaya, sai ka shiga Dutse ko Kano inda sabis ke da ƙarfi ka ɗora shi a shafin bidiyo na Vimeo da kalmar sirri. Haɗa da taƙaitaccen labarin fim ɗin, tarihinka a sakin layi ɗaya, da hotuna masu kyau uku zuwa biyar. Idan an zaɓe ka za su nemi babban kwafi, ProRes (tsarin bidiyo mai cikakken inganci) ko DCP (tsarin da gidajen sinima ke nuna fim da shi). Na ProRes 422 HQ mai wannan tsawon zai kai gigabait 20, DCP kuma ana haɗa shi kyauta da manhajar DCP-o-matic. Fasfo ɗinka ya kasance a hannu tun ranar da ka tura fim ɗin, domin tsakanin takardar gayyata da ranar biki sau da yawa lokacin neman biza kaɗai yake isa.